Yadda ake gano karkatar sha'awar mai laifin lalata da yara

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Bauchi shi ne shiga wurin mutumin hannu rabbana, a zauna ana rubuta duk abin da ya faɗa. Abin da zai faɗa sananne ne: sharrin Shaiɗan ne, ƙaddara ce, ko asiri aka yi masa.

Fara da fayil. Ka karanta takardar tuhuma, bayanin 'yan sanda da rahoton likita kafin ku haɗu. Kuɗin kwafi daga aljihunka zai fita, ka biya kawai. Abu huɗu za ka nema, waɗanda masu bincike Seto da Lalumière suka tara a 2001 a SSPI, wato ma'aunin tantance sha'awar yara: ko akwai yaro namiji cikin waɗanda ya cutar, ko sun wuce ɗaya, ko akwai ɗan shekara 11 zuwa ƙasa, ko akwai wanda ba danginsa ba. Yawan amsar "eh" na nuna sha'awar ta kafu a kan yara. A nan ake tuntuɓe, domin ba kowane mai wannan laifi ne yake da kafaffiyar sha'awar ba. Wani dama ya samu, wani maye ya tura shi. Dukansu masu laifi ne, amma maganinsu da haɗarinsu sun bambanta. DSM-5 ma, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi wajen tantance cuta, sai da ya sa sharaɗin aƙalla wata 6 ana fama da sha'awar ko aikin kafin a kira shi cuta.

Sai hira. Tun farko ka sanar da shi cewa maganarsa za ta je gaban alƙali. Ni daga ƙuruciya nake farawa, makaranta, sana'a, aure, laifin ya zo ƙarshe. Kada fuskarka ta nuna ƙyama, nan take zai kulle baki.

Na'urar da Kurt Freund ya ƙirƙiro don auna motsin gaba, da gwajin kwamfuta na Abel mai auna tsawon kallon hoto, duk suna buƙatar kuɗi da horo na musamman. Kada ka kwaikwaye su da waya.

Haɗarin maimaita laifin kuma da ma'aunin da ake kira Static-99R ake ƙiyasta shi, tambaya 10 ce. Da bayanan fursunonin Kanada da Birtaniya aka fara gina shi, don haka ka faɗi wannan a rahotonka, ka ware abin da fayil ya tabbatar daga abin da bakinsa ya faɗa.