Kurakuran da sababbin masu kiwo ke yi har shanu su fasa shinge

Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi na gaji, duk shekara zancen ɗaya ne, wane shanunsa sun fita da dare, wane an kama masa biyu a gonar auduga, wane yana neman wanda zai raka shi ƙofar lawan, wato basaraken yankin. Kuma mutanen kusan iri ɗaya ne, ɗan kasuwa ko ma'aikaci a Garwa, nan arewacin Kamaru, da ya tara 'yan kuɗinsa ya je kasuwar Adumri ko Pitowa ya sayo shanu huɗu biyar, ya kai su filinsa na bayan gari, ya ja ƙaya ya zagaye, ya ɗora yaro ɗaya a kai ya koma harkarsa.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa shinge ke riƙe saniya. Cikinta ne ke riƙe ta. Saniyar da ta kwana da yunwa kuma iska na kawo mata ƙanshin ɗanyen ganye, ko wayar barbele mai ƙaya layi biyar ka ja mata sai ta sa ƙirji ta ture, ta yarda ta yage fatarta. Ni da kaina na ɗanɗana. Wata shekara cikin Janairu na tafi Ngaundere kwana huɗu, na bar wa yaro harawa na ce ya riƙa ba su da yamma, shi kuma don ya burge ni da tattali sai ya rage musu rabi. To lokacin daji ya bushe ƙurmus, abin da ke kore shar a duk yankin sai muskuwari, wato dawar rani da ake dasawa a karal, ƙasar laka mai riƙe ruwa, wajen kogin Binuwai, ya fara fid da kai. Dare na uku shanu shida suka kwantar da shinge suka nufi can. Sauran labarin yana zuwa.

Tun daga nan na canza tsari. Abincin kirki da yamma nake bayarwa ba da safe ba, harawar gyaɗa ko ta wake, ɗan tuton auduga (abin da ya rage na irin auduga bayan an matse mai), kanwa a gefe, ruwa kuma su sha su ƙoshi kafin a rufe. Wasu za su ce ɓarna ce, ni dai haka nake yi kuma ina barci. Harawa kuma a kaka ake sayenta a ɗora kan rumfa, wanda ya bari sai Afirilu lokacin da zafin Garwa ya haura 40 kuma kowa na nema, zai saya da tsada ko ya rasa gaba ɗaya. Watannin haɗari su ne na muskuwari, sai kuma farkon damina in ruwan fari ya sauka ciyawa ta fara tsiro.

Shi kansa shingen, yawancinku busasshiyar ƙaya kuke jibgewa ta magarya ko aduwa, ku manta da ita. Damina ɗaya ta isa ta zaunar da ita, gara ta cinye ƙasan, daga nesa ka ga kamar shinge nan kuwa maraƙi ma tsallakewa zai yi. In ƙaya za ka yi to duk shekara sai ka ƙara. Turakun waya kuma kar ka kafa ɗanyen icce ƙanƙani, ni ina babbaka gindin na shafa baƙin mai, rami ya kai rabin mita, na kusurwa ya fi sauran kauri don shi ke ɗaukar nauyin waya. Ƙirya ta fi kowanne jure gara amma ta yi wuya yanzu, kuma kar ka je ka sara ba izini ka haɗu da ma'aikatan gandun daji. Abin da ya fi min shi ne shinge mai rai, ka yanko rassan dashi ka kafa a ƙarshen rani dab da saukar ruwa, su kama da kansu, ka cike tsakani da bini da zugu tunda shanu ba sa cinsa, sai dai a ja wa yara kunne kan 'ya'yansa, guba ne.

Ƙofa kuwa, haba jama'a, mutum ya kashe kuɗi a waya sannan ya rufe ƙofa da icce ɗaya da tsumma. Saniya na ɗage shi da ƙaho. Sa sanda uku da igiya mai ƙwari.

Sabuwar saniya ka ɗaure ta a turke kamar sati biyu, in ba haka ba inda ta fito za ta nufa. Jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho sun saba da tafiya, ba na tsarewa a ƙaramin fili ba ne, in kai sabo ne nemi gudali. Saniya mai neman sa, kusan duk kwana 21 abin ke dawo mata, in ba bijimi a gida ranar ka ɗaure ta. Kuma kowane garke akwai uwar fitina guda ɗaya da ke buɗe wa saura hanya, ka gano ta ka sa mata dabaibayi, in ta ƙi ji ka kai ta kasuwa.

Yanzu in sun riga sun fita. Don Allah ku daina bin shanu da babur kuna ihu! Warwatsa su kuke yi, wanda ke cikin gona ɗaya ya tattake gona uku, wasu su hau titin Garwa zuwa Marwa inda manyan motoci masu zuwa Kusiri ke gudu da dare. Wanda suka san muryarsa shi zai je, da kwanon dusa a hannu, ya kira babbar cikinsu a hankali, saura za su biyo. In sun dawo kar a dake su a bakin ƙofa, gobe ba za su so shiga ba. A duba cikinsu, gyauron dawa ko ƙaramar dawa mai sabon toho na iya kashe saniya cikin sa'o'i kaɗan, haka gonar audugar da aka yi wa feshi, in ka ga kumburi ko miyau na zuba ko tana haki kira likitan dabbobi take, ba sai gari ya waye ba.

To ga abin da ya fi ci min rai. Da na dawo daga Ngaundere yaro ya riga ya maido shanun ya gyara shinge, ya ce ba wanda ya gani. Mai gona ya zo da ladabinsa, dattijo ne, ya ce Alhaji ana zargin naka ne. Na ce masa Baba ba nawa ba ne. Ƙarya na yi, kuma har yau in na tuna sai na yi istigfari. Sawu kuwa ga shi nan tun daga karal har bakin shingena, ga gashin jela a jikin ƙaya. Abin da da zai ƙare a zaure da buhu biyu uku da ban haƙuri, sai ya tafi wajen jauro, wato mai unguwa, daga nan wajen lawan, har aka fara zancen kwamitin rikicin manoma da makiyaya da dokar 1978 ta kafa, wanda sufirefe, wakilin gwamnati a gunduma, ke shugabanta. Kafin a kai can na amsa laifina, amma sai da na sayar da karsanar da na fi so na biya diyya da kuɗin zirga zirga, kuma dattijon nan ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ya kuma yi gaskiya. Mu da muke karanta Muwaɗɗa mun san hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke kan raƙumar Bara'u ɗan Azib, tsaron gona da rana na mai gona ne, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuma tana wuyan mai dabba. Na san wannan sarai lokacin da nake musun. Yanzu in abu ya faru ni ke fara isa gidan mai gona kafin hantsi, da goro da wani babba, mu je mu ga ɓarnar tare tun sawu bai goge ba, a yanke abin da zan biya a gaban shaidu.

In kuwa ba a gan su ba sam, kar ka ɓata kwana kana jin kunya. Cigiya a masallaci tun asuba, a gaya wa jauro, sarkin shanu da sarkin fawa, a leƙa inda lameri, wato ofishin magajin gari, ke tsare dabbobin da aka kama suna yawo don kuɗin can ƙaruwa yake da kwanaki. Kuma a ce kana da hoton kowace saniya a wayarka, dama da hagu, shaidarta ta fito sosai. Na sha ganin mutum a gaban lawan ana tambayarsa kamannin saniyarsa, abin da ya iya faɗi kawai fara ce mai ƙaho, alhali a wajen akwai farare masu ƙaho sun fi ashirin.