Ƙannena masu tafiya Ingila, ku ji wannan kafin ku fara sayen kayan sanyi

Tunda na zo gida hutu yara uku suka same ni a Ƙofar Ƙwaya kan maganar tafiya karatu Ingila, kowa tambayarshi biza da masauki, ba wanda ya tambayi maganar sayen kaya, alhali in ka sauka a Satumba ko Oktoba abu na farko da sanyi zai tilasta maka saye jaket ce.

Mu nan Katsina mun saba, in mai shago ya sa almakashi ya yanka maka yadi biyar na shadda to magana ta ƙare, ko ka je gida ka ga tabo sai dai ka dawo kana a yi haƙuri Alhaji a duba mani. Wannan kunyar muke ɗauka mu tafi da ita can, kuma wallahi tana jawo mana asara.

Ƙanwar matata ta sayi jaket fam 45 a can Ingila, kwana tara zif ɗin ya ɓalle daga ƙasa, ta naɗe ta ta cusa a akwati tana fita da suwaita biyu cikin wannan sanyin. Na ce mi ya hana ki maida? Ta ce Yaya ai na riga na sa ta, kuma rasit ɗin ya ɓace. Na ce taso mu je. A wayarta ta buɗe manhajar banki ta nuna ranar da aka cire kuɗin, matar kantin ta ja zif ɗin sau biyu, ta maida mata kuɗinta cikin katin da ta biya da shi, ko minti biyar ba mu yi ba.

Ba alfarma aka yi mata ba, doka ce, sunanta Consumer Rights Act ta 2015, wato dokar kare haƙƙin mai saye. In kaya na da aibi kana da kwana 30 ka maida a ba ka kuɗinka cas, ko ka sa a jikinka, ko a lokacin rangwame ka saya, sai dai in an nuna maka aibin tun kafin ka biya. Bayan kwana 30 har wata 6 masu kantin za su gyara ko su canza maka, kuma su ne za su kawo hujjar cewa kai ka lalata. Rasit ya fi sauƙi amma duk wata shaidar biya ta wadatar. In suka yi maka taurin kai akwai Citizens Advice, ƙungiya ce mai ba jama'a shawara kan haƙƙinsu, shawararsu kyauta ce.

Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne kayan da lafiyarsu ƙalau, kawai riga ta yi maka kaɗan ko kalar ta fita ranka. Nan fa doka ba ta tilasta ma kanti ya karɓa ba in a cikin shagon ka saya, tsarinsu ne kawai, wasu kwana 14 wasu 28, ka duba bayan rasit, kuma kar ka cire ɗan katin farashin da ke rataye a wuyan riga sai ka gwada a gida. Kamfai da ɗan kunne yawanci ba su karɓa. Ta intanet kuwa daban ne, kana da kwana 14 daga ranar da kaya suka iso ka ce ka fasa ko babu dalili, da wasu 14 na aikawa. Don Allah kar ku koyi ɗabi'ar sa riga a je biki a maida, cin amana ne.

Sai tsaraba. Kar ka sayi ma Hajiya da yara kaya tun Janairu kai da ba za ka zo gida ba sai hutun Yuli, in takalmi ya matse ƙafar ƙaninka a nan Katsina lokacin maidawa ya daɗe da wucewa. Ka sa a auna a turo maka lamba ta WhatsApp tukuna, don lambar su ta Ingila daban take da 42 da 43 ɗin da muka saba gani a kasuwa.