Ga waɗanda suka ci BAC bana

Ƙannena, barka da arziki. Kafin murna ta huce, ku haɗa dosiyen shiga jami'a: takardar haihuwa, ta shaidar ɗan ƙasa, takardar maki da hotuna. Ku yi fotokofi da yawa, a buga muku hatimi a meri tun yanzu. Bara sai da ƙanina ya wuni a layi cikin rana saboda kofi ɗaya tak.

Ba dole sai Yamai ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan Maradi, akwai noma, kimiyya, likitanci da IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'ar. Ni dai IUT na fi so wa mai son aikin hannu da wuri. Neman burs kuwa ta ANAB ne, wato hukumar da ke ba ɗalibai burs, dosiyensa daban, kar ku bari lokacin ajiye shi ya wuce.