Haƙoran roba masu ƙugiya: sawa, cirewa da kulawa

Idan giɓinka yana tsakanin haƙora masu ƙwari, gaba da baya, likita zai iya yi maka haƙoran da ake cirewa waɗanda nauyinsu ba a kan dasashi yake sauka ba. Irinsu nake sawa. Gindinsu ƙarfe ne, haɗin kobalt da kuromiyam, da ƙugiyoyi masu rungumar haƙoran gefe, da wasu 'yan harsuna da ke zama cikin gurbin da likita ya ɗan fafe a kan haƙorin. Duk abin da ka tauna, waɗannan haƙoran naka na asali ne ke ɗaukar nauyin.

Da yatsu ake sa su, a danna ɓangarorin biyu tare har su zauna. Kada ka cije su don su shiga, haka ƙugiya ke lanƙwashewa. Wajen cirewa, sa farce a ƙarƙashin ƙugiyar ka ja a hankali.

Kwanakin farko yawu zai yi yawa, harshe ya riƙa tuntuɓe. Karatu da ƙarfi yana saurin daidaita magana. In wani wuri yana gurzar ka, koma wurin likita, amma ka sa su na wasu sa'o'i kafin ka je, don ya ga inda ya yi ja. Filaya kuwa, ka bar ta a akwatinta, kada ka ce za ka gyara su da kanka.

Wanki kullum, da buroshi mai laushi da sabulun ruwa, a kan kwano mai ruwa saboda in sun suɓuce. Man goge baki yana kankare robar, ruwan zafi yana karkata ta, bilic yana cin ƙarfen. Da dare a cire a jiƙa a ruwa. Mai kwana da su yana jawo wa dasashi ja da kumburi.

Inda na fi damuwa shi ne haƙoran da ƙugiya ke riƙewa. Datti a ƙarƙashinta yake maƙalewa, ruɓewa kuma daga nan take farawa, sau da yawa ba ciwo. Bayan cin abinci ka cire, ka kurkure. Safe da dare ka goge haƙoran naka na asali da man da ke da fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, musamman gefen da ke kallon giɓin, wanda buroshi ke yawan tsallakewa. In ɗaya daga cikinsu ya tafi, galibi sai an sake awo, an yi gyara ko an ƙera sabo. Ko babu abin da ke damunka, likita ya duba su aƙalla sau ɗaya a shekara.