Yadda za ka karɓi haƙƙinka idan kamfani ya rage ma'aikata da kai a ciki

A Najeriya babu wani kuɗi da gwamnati ke biyan mutum duk wata don ya rasa aikinsa. A Amurka akwai, yawancin jihohi suna biya har zuwa mako 26, kuma a Birtaniya doka ta ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin sallama ga wanda ya yi shekara biyu a wurin aiki. Mu a nan abin da za ka rayu da shi kafin Allah Ya buɗe wata ƙofar shi ne abin da ka fito da shi daga hannun kamfani, sai ɗan abin da za ka iya cira daga asusun fanshonka. Shi ya sa kwanakin farko bayan an ba ka takarda suke da nauyi sosai.

Da farko, kada ka sa hannu a ranar

Za a kira ka ofis, a yi maka magana mai taushi, a ce kasuwa ce ta yi tsauri, sannan a turo maka takardu da biro. Karɓar takardar sallama daban, amincewa da lissafin da ke cikinta daban. Idan an ce lallai ka sa hannu cewa ka karɓa, rubuta da hannunka cewa ka karɓa ne kawai, ka sa kwanan wata. Ita kuwa takardar da ke cewa an biya ka duk haƙƙinka kuma ba ka bin kamfani komai, ka nemi a ba ka kwanaki ka tafi da ita gida. Mutum a wannan sa'a kansa ba ya tare da shi, tunanin kuɗin haya da na makarantar yara yake yi.

Akwai kuma wata dabara da ta yawaita, musamman a bankuna da kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata ta hannun ɗan kwangila: a ce maka "gara ka rubuta ka ajiye aiki da kanka, don kada sunanka ya ɓaci." Rage ma'aikata ba laifi ba ne, ba ya ɓata sunan kowa. Amma da zarar ka rubuta cewa kai ka ajiye, kamfani yana iya cewa ba ka cikin waɗanda suka cancanci kuɗin sallama, tunda kai ka tafi da ƙafarka. Idan har za ka yarda da hakan, to a rubuta adadin da za a biya ka tukuna.

Kafin a rufe maka imel da kwamfutar ofis, ka kwashi takardunka: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, takardun albashi na aƙalla watanni shidan ƙarshe, da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Naka kawai za ka ɗauka. Kada ka taɓa bayanan kwastomomi ko sirrin kamfani, don wannan kaɗai ya isa a mayar da sallamarka kora.

Na biyu, ka san abin da doka ta ce da abin da ba ta ce ba

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago shi ne ya yi magana kan rage ma'aikata. Ya ɗora wa mai kamfani abubuwa uku: ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawansa, ya bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa kan kuɗin sallama. Ka lura, dokar ba ta faɗi ko nawa ba. "Iya ƙoƙari" kawai ta ce. Don haka adadin yana cikin takardar ɗaukarka aiki, ko littafin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da kamfani. A nan ne ma'aikacin da ke da ƙungiya irin PENGASSAN ko NUPENG a harkar mai, ko ASSBIFI a bankuna, ya fi wanda yake shi kaɗai ƙarfin magana.

Sashe na 11 kuma ya tsara wa'adin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Idan takardarka ta ce wata uku, wata uku ne. In kuma sun ce ka tafi yau, sai su biya ka albashin wa'adin.

Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi da akantoci ba sa cikin waɗanda dokar ta kira "ma'aikaci". Su takardar kwantiraginsu ce madogara, sai kuma hukunce-hukuncen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Na uku, yi lissafin da kanka

Nan ne ake cutar mutane ba tare da an yi musu ƙarya ba. Za a ba ka dunƙulallen adadi, ka ga miliyan da wani abu, zuciyarka ta ɗan kwanta. Ka nemi a warware maka shi layi-layi: albashin kwanakin da ka yi a watan ƙarshe, kuɗin notis, kuɗin hutun shekara da ba ka ci ba, alawus ko bonas da ya riga ya zama naka, giratuti, wato ladan shekarun aiki, idan kamfanin yana da tsarinsa, sai kuɗin sallamar kansa. Kowanne zaman kansa yake. Kada a cusa kuɗin notis cikin na sallama a ce maka alheri aka yi maka.

Tambayar da ta fi kowace tsada ita ce: da wane albashi aka yi lissafi, tsagwaronsa ko jimillarsa da alawus? Ɗauki misali. Mutum ya yi shekara 7, tsagwaron albashinsa naira 150,000, amma da kuɗin gida da na mota da sauransu yana kaiwa 280,000. A ce ƙa'idar kamfaninsa ta ce albashin wata ɗaya a kan kowace shekara. In da tsagwaron aka buga, 1,050,000 ke nan. In da jimilla ce, 1,960,000. Tazarar naira 910,000 tana rataye ne a kan kalma ɗaya cikin littafin ƙa'idoji. Ka nemo wurin, ka karanta da idonka. Ka kuma duba yadda suka ƙirga shekarun: wasu suna farawa daga ranar tabbatarwa, su zubar da watannin gwaji, wasu kuma su yar da ragowar wata tara ko goma kamar ba ka yi su ba.

Sai ɓangaren cire-cire. Rancen kamfani, bashin ƙungiyar adashen ma'aikata, kuɗin mota ko kwamfuta, duk za su bayyana. Ka daidaita da rasiɗanka. A adashen ma kana da ajiya, ba bashi kaɗai ba, ka nemi a ba ka lissafinta. Game da haraji, sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan diyyar rasa aiki har zuwa naira miliyan 50, don haka in ka ga an yanki wani kaso mai yawa, ka tambayi a kan wane layi aka yanka.

In kana da bashin banki na albashi, je ka same su da kanka kafin kuɗin su shiga. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashin da aka kasa biya daga asusunka na wasu bankunan. Gara ku zauna a sake tsara biyan da ka wayi gari ka ga alat na cirewa.

Kuma ana iya neman ƙari. Ba lallai kuɗi ba: a bar maka inshorar lafiyar iyali na wasu watanni, a sayar maka da motar aiki a farashi mai sauƙi, a ba ka takardar shaida da ta bayyana cewa ragi ne ba laifi ba. Duk abin da aka yarda, a rubuta, tare da ranar biya. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda da yawansu suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu bayan an rufe masana'antun, sun san abin da "za a biya ku nan gaba" ke nufi.

Na huɗu, asusun fansho

Wannan shi ne abin da ya fi kusa da tallafin rashin aiki a ƙasar nan, duk da cewa kuɗinka ne. Dokar Fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, ya rabu da aiki, kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Sau ɗaya ake yi.

Kada ka jira wata huɗun su cika kafin ka motsa. Tun makon farko ka je kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusu, ka bi shi wata-wata. Doka ta ce kai aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinka, kamfani aƙalla kashi 10, kuma a zuba cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Kamfanin da ya shiga matsi, sau da yawa fansho yake fara daina zubawa alhali yana ci gaba da cirewa a takardar albashi. In ka ga giɓi, rubuta wa kamfanin, in bai gyara ba ka kai ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Ka kuma tabbatar sunanka da ranar haihuwarka a asusun sun yi daidai da na NIN, don harafi ɗaya yana iya riƙe fayil ɗinka makonni. Kamfanin fanshon zai nemi takardar sallama, takardar albashi, shaidar haihuwa, hoto da lambar asusun banki. Wanda ya haura 50 kuwa hanyar ritaya zai bi.

Ni dai in kuɗin sallamar zai iya riƙe gida, ba na ganin hikimar taɓa kashi 25 ɗin don sayen fili ko yin biki.

Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa NSITF, hukumar biyan diyyar ma'aikata, neman tallafi. Nasu diyyar rauni ce ko cutar da aiki ya jawo. Inshorar lafiya kuwa, in ta kamfani ta yanke, akwai hukumomin jihohi kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna da mutum zai iya shiga da kansa.

Idan sun ƙi biya

Fara da wasiƙa mai ɗauke da adadi da wa'adi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Daga nan ƙungiyarku, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, inda ake zaman sulhu. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma tana zama a Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato, Bauchi, Yola da Abuja. In ku da yawa aka sallama, ku haɗu ku ɗauki lauya ɗaya, ku raba kuɗinsa. Shigar da ƙara yana da wa'adi a doka, saboda haka ka sa lauyan ya faɗa maka ranar da naka zai ƙare tun a zaman farko.