Yadda zaka gane abstract noun da concrete noun ba sai kayi hadda ba

Ɗalibai da yawa musamman masu shirin WAEC da NECO da JAMB haddar jerin kalmomi suke yi, wai wannan abstract ne wancan concrete ne, ranar jarabawa kuma a kawo kalmar da basu taɓa gani ba sai su tsaya suna zare ido. Abin nan yana damuna wallahi, don tambaya biyu kawai ake yiwa kalma a gama.

Amma kafin nan ka sani dukkansu suna ne, aiki ɗaya suke yi a jimla. Ka duba "The teacher helped me" da "Patience helped me", malami mutum ne ana ganinsa, haƙuri kuma ba'a ganinsa, amma kowanne shine ya zo a farkon jimla a matsayin mai aikin. Dukkansu ana siffanta su, a good teacher, great patience. Toh bambancin a ma'ana yake.

Tambaya ta farko, wannan abin ido yana ganinsa, ko kunne yana jinsa, ko hanci, ko harshe, ko hannu yana taɓa shi? In eh ne toh concrete ne, sunan zahiri kenan, irinsu chair, rice, smoke, doctor, harda air da noise duk da ba'a ganinsu, tunda iska tana taɓa jikinka hayaniya kuma tana shiga kunne. In kuwa abin a zuciya yake ko a tunani, ko hali ne ko yanayi, irinsu honesty, freedom, poverty, anger, toh abstract ne, sunan baɗini.

Nan ne mu Hausawa muke ɗan zamewa, saboda komai "ji" muke cewa, na ji ƙamshi, na ji ƙara, na ji tsoro, na ji kunya, sai yaro yace ai fear ma ana jinsa don haka concrete ne. A'a. Ka tambayi kanka da wace gaɓa ka ji shi, in ba kunne bane ba hanci ba ba harshe ba ba fata ba, toh a zuciya ka ji shi. Tears concrete ne don kana ganin hawaye yana zuba, sadness ɗin da ya kawo hawayen kuma abstract.

Ƙarshen kalma ma yana taimakawa sosai. Yadda muke cewa yaro da yarinta, aboki da abota, haka Turanci yake da child da childhood, friend da friendship, kind da kindness, wise da wisdom. In kaga -ness, -hood, -ship, -dom, -ity, -ment ko -tion yawanci abstract ne, amma kar ka rufe ido ka dogara da wannan kaɗai, apartment gida ne, station wuri ne, witness kuwa mutum ne da yake tsayawa a kotu.

Tambaya ta biyu itace wadda tafi cin maki, abin yana ƙirguwa ko baya ƙirguwa? Mutane sun ɗauka duk abstract baya ƙirguwa, duk concrete kuma yana ƙirguwa, wannan ba gaskiya bane ko kaɗan, maganganu biyu ne daban kuma kowacce sai ka tambaye ta ita kaɗai. Idea abstract ne amma ana cewa two ideas, haka decisions da problems. Furniture, luggage da equipment kuwa ga su nan kana taɓawa amma basa ɗaukar s ɗin jam'i, haka advice, information da knowledge a ɓangaren abstract. Don haka kar ka rubuta advices ko furnitures ko da kana jin manya suna faɗa a ofis, abinda ake cewa shine some advice ko a piece of advice.

Sai maganar kalmar "the" a gaban sunan da baya ƙirguwa. In kana magana akan abin gaba ɗaya ba'a sa shi, "Education is important", in ka ware wani takamaimai sai ya shigo, "the education of girls". Water da rice ma haka suke yi.

Akwai kuma kalmomin da jimla ce take yanke musu hukunci. "In my youth" ƙuruciya ake nufi, abstract kenan, "two youths were arrested" kuma samari ne guda biyu da za'a iya nunawa da yatsa. Saboda haka kullum ka karanta jimlar gaba ɗaya kafin ka zaɓi amsa.

Don gwaji, ɗauki jaridar Turanci ko wani labari a wayarka, ka fitar da sunaye goma daga sakin layi ɗaya, kowanne kayi masa tambayoyin nan biyu ka rubuta amsa a gefe. Ta biyun in ta rikita ka buɗe ƙamus na masu koyo irin na Oxford ko Longman, suna nuna wanda yake ƙirguwa da wanda baya ƙirguwa a gaban kalmar, wani lokaci da harafin C (yana ƙirguwa) da U (baya ƙirguwa) kawai.