Kafin ka shiga na'urar IRM

Kwanan nan a Yamai sai ka ji ana ta zancen "kwantum", wai wata na'ura ce za ka riƙe ɗan ƙarfe a hannu, a jona da kwamfuta, minti guda ta faɗa maka halin hantarka da ƙodarka da komi, ana gamawa kuma a tallata maka magani. Wannan dai ku bar ta, cin kuɗi ne kawai. In kana son ganin inda ilimin kwantum, wato ilimin halayen mafi ƙanƙantar ƙwayoyin abubuwa, ke aiki da gaske a likita to IRM ce, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, kuma tunda na raka kawuna sau biyu bari in faɗa muku yadda ake shirya mata.

Ka fara sanin me za ta yi maka, tsoro ya ragu. Jikin mutum wajen kashi 60 cikin 100 ruwa ne, cikin ruwan akwai haidurojin, ƙwayar tsakiyarsa kuma tana da wata ɗabi'a da masana ke ce ma sifin, kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu take. Na'urar na da ƙaton maganaɗisu, galibi ƙarfinsa tesla 1,5, ya ninka na duniyar nan kusan sau 30.000, shi ke jera ƙwayoyin, sai a aiko masu igiyar rediyo wajen megahaz 64 su karɓa, in an tsaida igiyar su maido, abin da suka maido ɗin ne kwamfuta ke juyawa ya zama hoto. Inda kwantum ya shigo shi ne ba kowace igiya suke karɓa ba, sai wadda ta yi daidai da su cif. Tun 1946 masana Bloch da Purcell suka nuna haka a Amurka, a 2003 aka ba Lauterbur da Mansfield kyautar Nobel don sun maida shi hoton jiki. Kuma babu hasken nan da ake hoton karaya da shi.

To ranar zuwa ka ɗauki takardar lokotoro da tsoffin hotunanka in akwai. In za a yi maka allurar da ke fiddo hoto sarai, ana iya neman gwajin ƙoda tukun.

Babban zance shi ne ƙarfe, don maganaɗisun nan ba a kashe shi, dare da rana yana ja. Zobe, agogo, salula, makulli, tsabar kuɗi, katin banki duk a waje za su tsaya, har laya da guru, kawu sai da aka yi ta lallashi kafin ya kwance nashi. Mata a bar kwalli ranar, yana iya ɓata hoton kai. Wanda ke da na'urar bugun zuciya, ko ƙarfe a ƙashi, ko harsashi a jiki ya faɗa tun a ƙofa, haka mai walda da maƙeri don ɓarɓashin ƙarfe na iya maƙalewa a ido mutum bai sani ba. Mai ciki ma ta faɗa.

Cikin ramin na'urar da ake shigar da kai kuma ƙara ce kamar injin niƙa, za a toshe maka kunne a ba ka ɗan abin matsawa a hannu in ka ji ba daɗi. Minti 15 zuwa 45 ne, kar ka motsa, in ka motsa a sake daga inda ya ɓaci. Kawu zuwa na biyu barci ma ya yi, sai tada shi aka yi.